Awon Rigar Gwaggo

Duk layinmu Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni kaɗai ne ba na kiranta haka a gabanta, gyaran murya kawai nake yi ta san da ita nake. Amma tunda rubutu ne, bari in bi mutane in ce Gwaggo. Matata ce. Shekararmu arba'in da ɗaya tare.

Ni tela ne. Shagona ɗaki guda ne a jikin gidanmu, ƙofarsa tana kallon titi, wata 'yar ƙofa ta baya kuma tana faɗawa tsakar gida. Keken ƙafa ɗaya, teburin yanka, benci, sai madubin da ya tsage ta gefe. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba ba ta ɓace mini. In na ɗora wa mutum tef sau ɗaya, awonsa ya zauna a kaina kenan.

Lokacin da muka yi aure, ƙugun Gwaggo inci ashirin da shida ne. Siririya ce, mai saurin tafiya, in tana magana hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Ta samu aikin girki a wata makarantar kwana ta 'yan mata, ta yi shekara ashirin da shida a gaban tukwanen da in yaro ya shiga ciki ba za a ga kansa ba. Da farko da ƙafa take zuwa. Daga baya makarantar ta sayi mota tana ɗaukar ma'aikata daga bakin layi. Gwaggo ba ta sauke tukunya sai ta ɗanɗana, kuma tukwanen guda takwas ne, sau uku a rana. Ba ta kuma iya ganin abinci ya tafi shara. Abin da yara suka rage a ƙasan tukunya, shinkafa ce ko taliya ko wake, ita da abokan aikinta za su zauna su share shi. Har yau tsofaffin ɗalibanta, wasu da jikokinsu, suna tsayar da mota a ƙofarmu su gaishe ta, domin ta san wadda ba ta ƙoshi, tana ɓoye mata ƙari.

Akwai abin da ke bin gidansu. Mahaifiyarta ta rasu Gwaggo tana da shekara goma sha tara. A lokacin ba a faɗin sunan ciwon, sai dai a ce mamanta ne ya kumbura. Bayan shekaru yayarta ta kwanta da irinsa, wannan karon likita ya faɗi sunansa, ciwon dajin mama. Gwaggo ce ta yi jinyarta. Ni na riƙa rage wa yayar riguna, wata bayan wata, har ya zama babu abin ragewa. Tun daga nan na tsani rama. In na ga tsoka a jikin matata, sai hankalina ya kwanta.

Wata rana, bayan haihuwar autarmu, ta dawo daga wani taron mata idonta jawur. Wata ta ce mata ta cika kujera. Ta ɗauko rigar da take ji da ita, ta sa, ta ƙi wuce ƙirji. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ni kuwa da na ga tana ture kwano, yayarta nake gani. Da ta tafi aiki sai na ɗauki rigar na juya ta, na farke gefe da gefe, na buɗa mata inci biyu, na goge, na mayar inda take. Da ta sake gwadawa ta shige sumul.

Ta ce, "Ka gani ko, Tela? Kwana biyu kacal."

Na ce, "Na gani."

Daga nan abin ya zama mini aiki. Duk rigar da zan ɗinka mata, sai in bar rarar yadi mai faɗi a ciki. In na lura ta fara kama ta a hammata, sai in ce kawo in goge miki, in buɗa. In ta kawo sabon yadi na ɗora mata tef, sai in danne lambar da babban yatsana in ce, "Talatin da takwas, yadda kike." Ban ce ba ta san komai ba, mutum ya san jikinsa. Amma tana son jin hakan, ni kuma ina son faɗa. Takan gaya wa mata, "Ni shekara ashirin awona bai motsa ba, ku tambayi mai gidan." Su kalli juna su ce, "Allah ya bar ku tare, Gwaggo."

Da ta ajiye aiki, sai ta dawo bencin shagona. Waɗannan shekaru shida su ne mafi daɗi a rayuwata, ba zan ɓoye ba. Da safe ta shigo da butar shayi, nata cokali huɗu na sukari da madarar gwangwani, da burodi da bota. Ta zauna tana sa mini maɓalli, tana ba ni labarin duk wanda ya wuce ta titi, ni ina taka keke. La'asar wani shayin. Daga benci zuwa ɗaki taku goma sha biyu ne, kuma ban tsammanin tana yin fiye da haka a yini. Gwiwa ta fara damunta, muka ce shekaru ne.

Sai ƙanwarta, wadda suke kira Auta, ta ji ƙullutu tana wanka. Allah ya sa ta je asibiti da wuri, aka yi mata aiki. Likitar da ke duba ta, da ta ji labarin uwarsu da yayarsu, ta ce a kawo mata duk 'yan'uwanta mata. Haka muka tafi, ni da Gwaggo, na raka ta.

Kafin a ga likita akwai wani ɗan ɗaki mai sikeli a ƙasa. Wata nas ta ce Gwaggo ta hau, ta hau, nas ɗin ta rubuta lamba ta faɗa mata.

Gwaggo ta ce, "'Yata, sikelinku ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau, Mama. Ɗaga hannu in auna ƙugu."

"Ba sai kin wahala ba. Talatin da takwas ne. Ga mijina nan, tela ne, shekara ashirin yana aunawa."

Yarinyar ta yi murmushi ta zagaya mata tef. Irin nawa ne sak, rawaya. Ta duba ta ce, "Arba'in da bakwai."

"Sake dubawa."

Ta sake, ta juyo da tef ɗin ta nuna mata, ta nuna mini. "Baba, ko idona ne?"

Na ce, "Idonki lafiya lau." Na kalli takalmina.

An duba Gwaggo, an ɗauki hoton maman, ba a ga komai ba. Likitar ta zaunar da mu ta yi magana a hankali. Ta ce abin da ya bi jini ba a hannun kowa yake ba, amma ƙiba bayan mace ta daina al'ada tana ƙara haɗarin, ita kuma wannan akwai abin yi a kai. Ta ce ba ta yi alkawarin in an rage an tsira ba, amma kada a ɗora wa gado wani kaya. Tafiyar ƙafa kullum, a fara da kaɗan saboda gwiwa. A rage sukari da maiƙo. A dawo bayan wata shida ta ga yadda ake ciki, hoto kuma duk shekara.

Muka hau mota muka dawo, ni da Gwaggo. Muna shiga gida ta buɗe akwati, ta zaro riga ta juya cikinta, ta kai bakin taga. Sawun tsohon ɗinki yana nan, layi uku a jere, huda-hudar allura ba ta ɓacewa a yadi. Ta zaro wata, haka. Ta zaro ta uku.

"Malam," in ji ta. In ta ce Malam maimakon Tela, to babu wasa. "Shekara nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Ina tsaye cikin mata ina cika baki, suna kallona."

"Na ga kin daina cin abinci ne, na tuna da Yaya."

"Ni ma da Yaya nake tunawa yanzu."

Kashegari ta naɗe yadinta uku da ke jiran layi a kan teburina, ta sa a hammata, ta tsallaka titi.

A tsallaken, daidai saitin ƙofata, akwai shagon wata mai ɗinki da ta zo shekara uku da suka wuce. Sa'ar 'yata ta biyu ce. Kekenta na wuta ne, shi ya sa na sa mata Mai Lantarki, sunan kuma ya bi ta. Ban taɓa taka shagonta ba. Mukan ɗaga wa juna hannu, shi kenan. Ba ta taɓa tsaya mini a rai ba, domin maza nawa ne, 'yan mata nata. Sai ranar da na hango ta cikin gilashin ƙofarta tana zagaya wa matata tef, tana rubutawa a littafi. Na taka keke har zare ya tsinke ban sani ba.

Ashe Mai Lantarki tana fita tafiyar ƙafa kowace safiya, ita da wasu mata biyu, saboda zaman keke ya kama mata baya. Ta ce Gwaggo ta bi su. Ranar farko iyakarta bakin kwana ta dawo tana haki. Bayan sati biyu tafiyarta ta kai har kantin magani. Da aka yi wata biyu, suna zagaya filin makarantar firamare sau biyu. Aka saya mata takalmin kambas fari. Mace mai jikoki bakwai da kambas. Na ce mata ya yi mata kyau, kuma ya yi, wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Ƙarfe shida da rabi za a ƙwanƙwasa ƙofa. "Gwaggo, a fito, rana tana yi!" Ba ni ake kira ba, ni ake gaisarwa a gurguje, "Baba ina kwana," an wuce. In zauna da butar shayina. Na yi sati uku ina ɗauko kofi biyu bisa sabo. In sun dawo, ba gida take shigowa ba, sai ta tsaya a shagon tsallake ta huce, ina jiyo dariyarta ta cikin ƙarar wannan keke mai kukan zuma. Labaran da a da nawa ne, can ake zubar da su. In ta shigo, shayinta babu sukari, babu madara, a tsaye take kurɓa, ta ce za ta watsa ruwa. Duk Asabar akwai awo. Ta dawo da lambar a bakinta kamar yarinyar da ta ci jarrabawa.

"Arba'in da biyar da rabi, Tela."

"Madalla."

"Madallarka ba ta da gishiri."

Mai askin da ke maƙwabtaka da ni ba ya barin abu ya wuce shi. Ya leƙo da tawul a kafaɗa ya ce, "Tela, tunda ta cikin gida ma ta gudu da ɗinkinta, mu na waje me muke jira?"

Na ce, "Ƙofa a buɗe take."

"A'a, ni ina nan. Ni ina son telan da zai ce mini tumbina bai ƙaru ba."

Labari ya zaga layi kenan. Auta ma da ta fara samun ƙarfi muka je gaishe ta, tana kwance tana murmushi ta ce, "Mijin Yaya, an ce an ƙwace maka tef. Zo ka auna ni, ni ƙaryar nake so." Aka yi dariya, na taya su.

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaida. Na san tafiyar nan ita ce daidai. Na ga gwiwarta ta yi sauƙi, na ga ta daina haki in ta sunkuya. In da a ce ni ne nake aunawa, ni nake rubuta lambar, da babu wanda zai kai ni murna. Amma jikin da na sani shekara arba'in, inci da inci, yana canzawa a gabana, wata can ce take sanin adadin kafin ni.

Da aka cika wata biyar lamba ta sauko arba'in da uku. Mai Lantarki ta ɗinka mata riga koriya, wadda za ta sa ranar komawa wurin likita. Gwaggo ta sa ta shigo shagona, ta tsaya gaban tsagaggen madubi tana juyawa.

"Kalli hannun yarinya."

Na tashi na duba. Na ce, "Ɗinkin hammata ya ɗan karkace."

"Ko ya karkace, gaskiya yake faɗa."

Ta faɗa ne tana dariya, ta fita. Ni maganar ta yini tana cina.

A satin ta wanke rigar ta shanya, ta tafi wurin Auta za ta kwana biyu. Da hantsi na fito tsakar gida, rigar tana kan igiya ta bushe. Na ce bari in goge mata. Wallahi da niyyar guga na ɗauko ta. Da na shimfiɗa ta a tebur na juya ciki, sai wani tunani ya zo mini. In rigar nan ta matse bayan wanki ɗaya, za a ce yarinya ba ta san ana jiƙa yadi kafin a yanka ba. Za a ce hannunta bai nuna ba. Gwaggo za ta ji haushi ta dawo da kayanta wannan gefen titi. Iyakar abin da na hango kenan.

Na nemo zare mai launin nata. Na daidaita tsawon ɗinki ya zo ɗaya da nata. Na shiga inci ɗaya da rabi ta kowane gefe, tun daga hammata har ƙugu, na kwantar da rarar da dutsen guga. Minti ashirin bai cika ba. Na ninke na sa mata a akwati.

Ranar Alhamis, bayan ta dawo, ta ɗauko ta don ta nuna wa 'yarmu da ta zo. Ina shago ina jiran in ji an ambaci Mai Lantarki. Shiru. 'Yarmu ta fito ta tafi ba ta ko tsaya hira ba. Na shiga na tarar da Gwaggo zaune a bakin gado, rigar a cinyarta.

"Ta ƙi shiga," in ji ta.

Na ce, "Wataƙila yadin ne ya tsuke. Yaran yanzu ba sa jiƙa..."

"Bar yarinyar mutane. Ranar nan ta shige ni. Ni ce. Kwana biyu na yi a gidan Auta, na ci abin da aka ba ni, ban fita ba, shi kenan komai ya dawo. Wata biyar, Malam. Wata biyar ina shan ruwan zafi da sunan shayi."

Ban taɓa kawo wa raina za ta ɗora wa jikinta laifin ba.

Ta ninke rigar ta ce, "Jinin gidanmu ne. Abin da zai zo, zai zo. Gara in ci abin da raina ke so."

Da safe aka ƙwanƙwasa. Ta aika ni in ce ba ta jin daɗi. Ranar Asabar Mai Lantarki ta zo da tef har tsakar gida, Gwaggo ta ce ba ta son jin wata lamba kuma, a ƙyale ta. Sai ga Gwaggo ta shigo shagona da buta, da kofi biyu, da gwangwanin madara. Ta zuba sukari cokali huɗu. Ta zauna a benci ta jawo kwalin maɓalli.

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Kwana biyun farko na ji daɗi. Na hango Mai Lantarki ta dawo daga tafiya ita da matan nan biyu tana waiwayen ƙofarmu, na ƙara taka keke da ƙarfi.

Amma wadda ta dawo bencin ba ita ce ta tashi daga kansa ba. Mutane suna wucewa ta titi ba ta ce komai a kansu. Ta sa wa rigar wani malamin makaranta maɓalli a karkace, ita da ba ta taɓa yi ba. Rana ta biyar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, manyan tukwanenta biyu na babbar 'yarmu ne, kada a yi rigima a kai. Rana ta bakwai na tuna mata saura kwana goma a koma asibiti.

Ta ce, "In je in ce mata me? Ta hau da ni sikeli a yi mini dariya? Ba ni zuwa."

"Hoton fa, in lokacinsa ya yi?"

"Inna hoto aka yi mata? Sha shayinka."

Na ajiye kofin. Na samu abin da nake so, tana zaune taku biyu daga gare ni, kuma ni ne na zaunar da ita. Na yi kwana biyu ina juya maganar. Rana ta tara, tana barcin rana, na zaro rigar na sa a leda na tsallaka titi.

Shagon Mai Lantarki ya fi nawa haske, ya kuma fi nawa tsabta, na lura da wannan duk da halin da nake ciki. Ta miƙe da sauri ta jawo mini kujera.

"Baba, yau kai ne a shagona? Lafiya? Jikin Gwaggo ne?"

Na miƙa mata ledar. "Duba."

Ta juya rigar ta bi gefen da yatsa. Ba ta kai ƙugu ba ta tsaya. Ta kai ta kusa da fitila.

"Wannan ba hannuna ba ne. Nawa ga shi nan a waje, yana ɗan rawa. Wannan na ciki kuwa kamar an ja shi da rula." Ta ɗago ta kalle ni. "Baba, ko ɓarna za ka yi sai ka yi ta da kyau?"

Na ce, "Alfarma na zo nema, 'yata. Ki je ki ce mata kuskurenki ne, yadin ne ya tsuke. Ni zan gyara. In ta ji ba jikinta ba ne, za ta tashi."

"In ce na ɓata ɗinkin da ban ɓata ba?"

"Don ta tashi."

"Ka ga, Baba, kai sa'an mahaifina ne, ba zan yi maka rashin kunya ba. Amma matar nan abu ɗaya ya kawo ta wurina, ba don na fi ka iya ɗinki ba, ga shaida a hannuna. In ni ma na yi mata ƙarya, wurin wa za ta?" Ta rataya tef a wuya ta kashe keken. "Mu je. Ni zan auna, kai ka yi magana."

Muka tarar ta tashi tana zaune a benci. Mai Lantarki ba ta yi doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Gwaggo, tashi tsaye. Sau ɗaya tak, in kin ga dama kada ki sake kula ni." Gwaggo ta yi ta ja, daga baya ta miƙe tana ƙunƙuni. Aka zagaya tef. Mai Lantarki ta kama lambar ta kai mata har gaban ido.

"Karanta da kanki."

"Arba'in da uku." Ta sake dubawa. "To rigar fa?"

Su biyun suka juyo gare ni. Na faɗa. Ban iya tsara magana ba, na dai ce ni ne, ranar da kika tafi gidan Auta, inci ɗaya da rabi kowane gefe. Na ce so nake ki dawo da ɗinkinki wurina.

Na zaci za ta yi faɗa. Gwaggo in ta yi faɗa har mai aski yana ji, kuma da na fi son hakan. Sai ta koma ta zauna a hankali.

"Na raba tukwanena a gabanka," in ji ta. "Kana ji, kana shan shayi."

"Ina ji."

"Na farkon na ce tsoro ne, na fara yafe maka a raina. Wannan fa?"

Na ce, "Kishi ne."

"Kishin me, tsoho? Yarinyar da ka haifi kamarta?"

"Da safe ba ki nan. Lambar ma sai ta riga ni ji."

Mai Lantarki ta ce bari ta koma, ta bar shago a buɗe. Gwaggo ta ce ta tsaya. Ta ɗauki reza daga kan teburina ta miƙo mini tare da rigar.

"Farke. A gabanmu."

Na zauna na farke, ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkin ya riƙe sosai, ya ci mini fiye da rabin awa. Da na gama na goge, ta shiga ciki ta sa ta fito. Rigar ta zauna mata daidai. Ba ta je gaban madubi ba. Ta ɗauki gwangwanin madarar ta dire shi a gabana ta ce, "Naka ne, ka shanye." Ta juya ga Mai Lantarki, "Gobe ki buga da ƙarfi, barcina ya yi nauyi kwanan nan."

Ranar komawa asibiti na sa rigata mai kyau tun da safe. Ta fito cikin koriyar, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ina zuwa?"

"In raka ki."

"Zauna ka yi gadin shago. Ina da 'yar rakiya."

A bakin ƙofa ta tsaya. Wani zare ne ya zubo daga kalmasar hannun rigar. Ta miƙo mini hannun ba ta kalle ni ba ta ce, "Yanke mini wannan." Na ɗauko almakashi na yanke. Suka tare mota ita da Mai Lantarki, ina tsaye.

Da suka dawo, daga bakin Mai Lantarki na ji cewa likita ta yaba, ta ce a ci gaba. Da shekara ta zagayo aka yi hoto, ba a ga komai ba, aka ce sai baɗi. Yanzu matan da ke fita da safe sun kai tara, har da 'ya'yanmu biyu, kuma Gwaggo ce take buga wa mutane ƙofa. Ta koma kirana Tela. Takan zauna a bencin da la'asar, awa ɗaya, ta ba ni ragowar labarin da aka riga aka ci rabinsa a tsallake. In maɓalli ya cire ko kalmasa ta warware, ni ake kawo wa. Tef kuwa ban sake ɗora mata ba, ba ta kuma sake gaya mini lambar Asabar ba.

Kwanaki na haɗu da Mai Lantarki a wurin mai sayar da zare. Bayan mun gaisa na ce, kamar ba komai, "Yanzu nawa take?"

Ta ce, "Baba, awon mai kaya sirrinsa ne. Kai ka fi ni sani."

A ido na san arba'in ne da kwata. Ba dai wanda ya tambaye ni.